Yadda Ake Saita Sifirin da Shokabsoba na Motar Tsere Mai Rimot

Duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon tseren ƙananan motocin nan masu rimot a YouTube ko TikTok ya san yadda suke ɗaukar ido. Mota ce da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, amma za ka ga ta taho da gudu, ta yi tsalle ta dira daram, ta sha kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Sai mutum ya tara kuɗi ya yi odar tasa, ya jira makonni, ta iso, ya caja batir ya fita fili. A kwanar farko ta kife. A ta biyu gindinta ya juyo gaba. Daga nan sai zargi ya koma kan inji ko batir, a sake kashe wasu kuɗin a sayo mafi ƙarfi, motar kuma ta ƙara lalacewa, domin yanzu da gudu mai yawa take kifewa, har ta fara karya kaya.

Galibi matsalar tana can ƙasa, wurin da ke tsakanin taya da gangar jikin motar: sifirin, da shokabsoba, da hannuwan da ke riƙe da tayoyi. A wannan darasi za mu duba yadda ake saita su.

Wace irin mota muke magana a kai?

Motocin wasan yara da ake sayarwa a kasuwa ba sa cikin wannan bayani, domin a haɗe suke zuwa, babu abin da za ka kwance ka gyara. Muna magana ne kan waɗanda aka ƙera don tsere, irin na kamfanonin Tamiya da Kyosho da Yokomo na Japan, ko Team Associated da Traxxas na Amurka, ko Xray na Silobakiya. Misalin da za mu riƙe shi ne motar ƙasa mai sikelin 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman mota ta gaske, wadda ake kira bagi. Nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi ne.

Wannan sikelin yana da muhimmanci. Tsakuwa mai tsayin santimita 1 a gaban irin wannan mota daidai take da dutse mai santimita 10 a gaban motar gidanku. Filin da kai kake gani sumul, ita gargada take gani.

Ɗan tarihi zai nuna yadda abin yake. A shekarar 1984 Tamiya ta fitar da wata mota mai suna Grasshopper, ma'ana fara. Sifirin kawai gare ta, babu mai a cikin shokabsobarta, kuma sunan ya bi ta, don idan ta hau gargada tsalle-tsalle take yi. A wannan shekarar dai Team Associated ta fitar da RC10, mai shokabsoba cike da mai a ƙafafu huɗu, kowace ƙafa kuma tana motsi ita kaɗai. Da ita Jay Halsey ya ci ɗaya daga cikin kambunan gasar duniya ta farko ta motocin ƙasa masu sikelin 1/10, wadda hukumar IFMAR ta shirya a 1985 a jihar Kalifoniya. Har yau tsarin da bagi ke bi bai yi nisa da na RC10 ba.

Nauyi ne ke yawo

Kafin ka ɗauki sukurudireba, ka riƙe wannan a ranka: duk lokacin da mota ke tafiya, nauyinta yana yawo a kan tayoyi huɗu. Ka taka birki, ya koma gaba. Ka ba ta wuta, ya koma baya. Ka sha kwana zuwa hagu, ya koma tayoyin dama. Wanda ya taɓa shiga a-daidaita-sahu direba ya sha kwana da gudu ya san wannan a jikinsa.

Sifirin shi ke yanke iya yadda motar za ta karkata. Man da ke cikin shokabsoba shi ke yanke saurin karkatar. Sauran saituna, irin su kwanciyar taya da inda bakinta ya fuskanta, suna kula ne da yadda tayar za ta zauna a ƙasa a lokacin da nauyin ya sauko mata.

Daga nan ƙa'ida ɗaya ta fito wadda za ta warware maka yawancin matsaloli. Ɓangaren da ya fi tauri, gaba ko baya, shi ke fara sakin ƙasa a kwana. Dalili kuwa, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ya koma gefe, sai tayarsa ta waje ta sha kaya fiye da kima, ta ciki kuma ta zama kamar ba ta aikin komai. Taya biyu da suka raba kaya daidai sun fi riƙe ƙasa a kan ɗaya da aka jibga wa komai. Saboda haka idan ka murza sitiyari motar ta ƙi juyawa, ta nufi waje da hancinta, gaba ne ya rasa riƙo: ka sassauta gaba, ko ka ƙara wa baya tauri. Idan kuwa gindinta ne ke zamewa yana neman ya wuce gaba, sai ka yi akasin haka.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo

Babu saitin da zai gyara taya marar kyau. Tayar kafet ba za ta yi aiki a turɓaya ba, tayar da ta cinye kuma ta cinye. Masu tsere da yawa suna ɗaukar zaɓin taya a matsayin abin da ya fi kowane saiti tasiri, kuma ni ma a nan nake.

Bayan taya, ka cire shokabsoba huɗun, ka ɗaga kowane hannu ka sake shi. Ya kamata ya faɗi da kansa. Idan ya maƙale, to akwai fil da ya lanƙwashe, ko ƙasa ta shiga, ko an ɗaure noti fiye da kima. Duk wani saiti da za ka yi a kan hannun da ke maƙalewa ɓata lokaci ne. Sannan ka mayar da komai yadda littafin motar ya ce. Saitin kamfani ba shi ne mafi sauri a kowane fili ba, amma wuri ne sananne da za ka iya komawa idan ka rikice.

Tsayin mota daga ƙasa

Wannan shi ne saiti na farko, kuma shi za ka fi yawan dubawa. Ana auna shi ne daga ƙirjin motar zuwa ƙasa, gaba da baya, a kan teburi ko tayil mai shimfiɗe, motar tana shirye tsaf da batir a ciki. Ka ɗaga ta kamar taki ɗaya ka sake ta ta zauna da kanta, sannan ka auna. Kada ka danna ta da hannu ka auna, lambar za ta yaudare ka.

Bagi mai sikelin 1/10 a filin ƙasa yawanci tana zama tsakanin milimita 20 zuwa 24, a kan kafet kuma ana saukar da ita ƙasa da haka. Motocin kwalta masu wannan sikelin milimita 5 zuwa 6 kacal suke. Saukar da mota yana rage mata kifewa, yana sa ta saurin amsa sitiyari, amma idan ka wuce gona da iri ƙirjinta zai riƙa dukan ƙasa a gargada, kuma duk lokacin da ƙirji ya daki ƙasa tayoyi sun daina aiki. Idan gaba ya ɗan fi baya sauka da milimita 1, motar za ta fi shiga kwana da kaifi.

Ana gyara tsayin ne da zoben da ke saman sifirin, wanda ake murzawa, ko kuma ƙananan robobin da ake saƙalawa a wasu motocin. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Suna ganin idan sun matse zoben sun ƙara wa sifirin tauri. Ba haka ba ne. Sifirin na yau da kullum taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe: idan gram 100 na danne shi da milimita 2, haka zai ci gaba da yi ko ka matse zobe ko ka sassauta. Abin da zoben ke canzawa shi ne inda motar ta zauna, ba taurinta ba. Wanda ya matse zobe don ya hana mota kifewa ɗaga ta sama kawai ya yi, ya ƙara mata kifewar. Mai son tauri sai ya canza sifirin ɗin kansa.

Kuma ka tabbata zoben hagu da na dama suna wuri ɗaya. Bambancin murɗa biyu ya isa ya sa mota ta fi son kwanar hagu a kan ta dama.

Sifirin

Kamfanoni suna shafa wa sifirin launi don nuna taurinsa, sai dai launin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ja na wannan kamfani yana iya zama mai laushi, na wancan kuma mai tauri, don haka ka duba jadawalin kamfanin motarka. Fili mai santsi ko gargada yana son mai laushi, domin tayar ta samu damar bin ƙasa. Fili mai riƙo, kamar kafet ko kwalta mai tsafta, yana son mai tauri.

Akwai hanyar gwada tauri ba tare da sayen komai ba. Za ka ga ramuka da dama a inda ake ɗaura shokabsoba, sama da ƙasa. Idan ka matsar da kansa na sama zuwa ramin ciki, ya ƙara kwanciya, ɓangaren zai yi laushi kuma ya riƙa amsawa a hankali. Idan ka miƙar da shi tsaye zai yi tauri da saurin amsawa. A ƙasa kuma, ramin da ya fi kusa da taya ya fi tauri. Duk lokacin da ka taɓa wannan, ka sake auna tsayin motar, domin zai canza.

Mai da fistin: inda aikin yake

Shokabsoba ɗan bututu ne cike da mai, a cikinsa akwai fistin mai ƙananan huda. Idan taya ta motsa, dole man ya bi ta hudar nan, wannan tirjiyar ce ke hana sifirin ya yi ta wasa da mota bayan ta taka dutse.

Man silikon ake zubawa. A jikin kwalbar za ka ga lamba da cSt ko wt. Ma'aunin cSt na kimiyya ne, ɗaya ne a ko'ina, ruwan sha kusan 1 yake a kansa. Shi kuwa wt kowane kamfani da nasa lissafin. A kwalaben Team Associated, 30wt daidai yake da 350 cSt, 35wt da 425, 40wt kuma da 500, amma 30wt na wani kamfanin ba lallai ya zo daidai da wannan ba. Idan za ka yi oda, ka bi cSt, ko ka tsaya a kan kamfani ɗaya.

Mai mai kauri yana sa nauyi ya riƙa yawo a hankali. Motar za ta natsu, ta yi sauƙin tuƙi, ta daina dukan ƙasa idan ta diro daga tsalle. Illarsa, a gargada tayar ba ta samun damar komawa ƙasa da wuri, sai motar ta riƙa tsallake saman ramuka ba riƙo. Mai tsinkakke kuwa yana barin taya ta bi kowane lungu, amma motar za ta riƙa tangaɗi kamar kwalekwale, kuma ƙirjinta zai sha duka. Sifirin da mai tare suke tafiya: idan ka sa sifirin mai tauri, yawanci sai ka ɗan ƙara kaurin man da zai iya riƙe shi.

Gwaji mai sauƙi: ka sake motar daga tsayin kamar santimita 30 a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Wadda ta daidaita za ta nutse sau ɗaya, ta taso ta tsaya. Idan ta yi ta lilo, man ya yi ruwa ko ya zube. Idan ta dira kamar bulo ta yi tsalle, ya yi kauri.

Sai batun hudar fistin, wanda ya fi ɗan wuyar ganewa. Ana rubuta shi kamar haka: 2x1.6, wato huda biyu, kowace milimita 1.6. Kana iya haɗa ƙananan huda da tsinkakken mai, ko manyan huda da mai mai kauri, ka danna su da hannu ka ji kamar ɗaya suke. A fili ba ɗaya ba ne. Idan fistin ya motsa da tsananin sauri, kamar lokacin dira daga tsalle, man yana cushewa a bakin ƙananan huda, shokabsoba ya yi tauri nan take. Wannan yana da kyau a fili mai manyan tsalle-tsalle. A fili mai ƙananan ramuka da tsakuwa kuwa, manyan huda sun fi, domin ba sa cushewa, tayar tana ta bin ƙasa. Sabon shiga ya bar fistin ɗin kamfani, ya yi wasa da mai tukuna. Kwalbar mai ta fi araha, kuma ta fi koyarwa.

Wajen zuba mai ka bi a hankali. Ka cika bututun, ka motsa fistin sama da ƙasa sannu-sannu ba tare da ya fito saman man ba, ka ajiye shi tsaye na wasu mintuna har kumfar iska ta gama fita, sannan ka rufe ka fitar da rarar kamar yadda littafin ya nuna. Bayan ka rufe, ka tura sandar ciki ka sake ta. Iya fitowar da ta hagu ta yi, ta dama ma ta yi haka. Tsawonsu ma ya zama ɗaya.

Kada a zuba baƙin man inji ko man girki. Kaurinsu yana canzawa sosai da zafi, kuma man inji yana iya lalata ƙananan robobin da ke hana yoyo. Shi kansa silikon zafi yana tsinka shi, duk da ya fi su juriya. Wannan ya shafi duk wanda zai sauko da takardar saitin wani gwani daga intanet. Kamfanoni irin su Team Associated suna wallafa waɗannan takardu a shafukansu, amma da yawa an cike su ne a rufaffen zaure mai sanyi a Turai ko Amurka, a kan kafet ko yumɓun da ake yayyafa wa ruwa. Wanda zai tuƙa a Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, man da ke takardar zai zame masa ruwa-ruwa. Sai ya ƙara mataki ɗaya ko biyu, misali daga 350 zuwa 400 ko 425, idan sanyin hunturu ya shigo kuma ya koma baya. Ƙurar hunturu tana da nata aikin: tana manne wa sandar shokabsoba, ta cinye robobin, mai ya fara tsiyaya. Goge sandar da tsumma bayan kowace fita ya fi sayen sababbin robobi sauƙi.

Kwanciyar taya da inda bakinta ya duba

Ka tsuguna ka kalli motar daga gaba. Idan kan tayoyin na sama ya ɗan karkata ciki, wannan ita ce kamba mai alamar ragewa, kuma ita ake so. Mota na karkata waje a kwana, sai wannan 'yar kwanciyar ta sa tayar waje ta zauna da dukan faɗinta a daidai lokacin da ake buƙatarta. Digiri 1 zuwa 2 ya wadatar. Ana gyarawa da siririn sandan da ke saman hannu, wanda aka yi wa zaren noti iri biyu, gefe ɗaya na dama ɗaya na hagu, don ka murza shi ba tare da ka cire ba. Tayar da kanta za ta gaya maka gaskiya: idan gefen ciki ne ke cinyewa, kambar ta yi yawa, idan na waje ne, ta yi kaɗan. In ba ka da ma'aunin kamba, manhajar auna karkata da ke waya za ta ba ka kimanin lamba idan ka jingina gefen wayar da wili, ko da yake ba ta kai ma'aunin gaske daidaito ba.

Daga sama kuma, za ka ga bakin tayoyin baya ya ɗan duba ciki, kusan digiri 3 a yawancin bagi. Wannan ke sa mota ta miƙe idan ka ba ta wuta. Na gaba ana barin su a miƙe ko su ɗan buɗe waje da digiri 1, don ta shiga kwana da sauri.

Akwai kuma iya nisan da taya ke iya rataya ƙasa idan ka ɗaga motar. A bagi mai sikelin 1/10 tsawon shokabsoba ne ke yanke shi, a motocin kwalta kuma akwai ɗan noti a jikin hannu. Idan baya na rataya da yawa, gindin motar zai ɗaga sosai a birki, nauyi ya kwarara gaba, ta juya da kaifi amma bayan ya yi sako-sako. Idan gaba ne, nauyi zai fi komawa baya lokacin ba da wuta, ta samu riƙo wajen fita daga kwana. Sandar hana tangaɗi, wato siririyar wayar da ke haɗa hannun hagu da na dama, tana bin ƙa'idar da muka faɗa tun farko: ɓangaren da ka sa wa mai kauri shi zai fara sakin ƙasa. A turɓaya mai santsi sau da yawa ba a ma buƙatarta.

Wayarka ita ce alƙali

Ido da zuciya suna yaudara. Mota mai zamewa tana tayar da ƙura tana ba da sha'awa, sai ka ɗauka ta fi sauri, alhali agogo yana faɗin wani abu daban. A manyan filayen tsere ana sa wa kowace mota 'yar na'urar da ke ƙidaya zagaye, irin ta kamfanin MYLAPS na ƙasar Holan. Kai agogon gudu da ke wayarka ya ishe ka, da aboki ɗaya da zai riƙa danna maɓallin zagaye.

Ka shata hanya da duwatsu ko tsofaffin tayoyi, ka yi gudun minti 5, wanda shi ne tsawon zangon tseren motocin lantarki na wannan sikelin a gasar duniya. Ka rubuta zagaye nawa ka yi, da lokacin kowanne, da sau nawa ta kife. Sannan ka canza abu ɗaya tak, ka sake. Idan ka canza mai da sifirin da kamba a lokaci guda motar ta gyaru, ba ka san wanne ya yi aikin ba, idan ta lalace ma ba ka san wanda za ka mayar ba. Batir ma ya zama cike a kowane gwaji, domin LiPo mai gida biyu yana farawa ne daga bolt 8.4 yana sauka, kuma saukar kaɗai tana iya canza lokaci. Kada ka damu da zagaye ɗaya mafi sauri. Saitin da ya ba ka zagaye goma masu kama da juna ya fi wanda ya ba ka ɗaya mai ban mamaki da kifewa uku.

Abu na ƙarshe, kyamarar wayar. Yawancin wayoyin yanzu suna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. Ka ajiye wayar a ƙasa daidai kwanar da ke ba ka wahala, ko inda motar ke dira, ka wuce sau uku. A bidiyon za ka ga ko ƙirji na dukan ƙasa, ko tayar ciki na ɗagawa sama, ko gindi na sake yin tsalle bayan dira. Na farko yana neman ƙarin kaurin mai ko ƙarin tsayi. Na biyu yana neman a sauke motar, ko a rage wa tayar gaba riƙo idan har kifewa take yi. Na uku kuwa, ka fara buɗe shokabsoban baya ka duba ko akwai sauran mai a ciki.